Takin shara a filin ciyawa: kar ka ɗora wa inji laifi

Wani bawan Allah dake kula da filin ƙwallon wata makaranta a Gombe ya turo tambaya, wai ya aro injin watsa taki irin wanda ake turawa da hannu, yana zuba masa takin shara ya toshe, inda ya juye da baro kuma ciyawar ta yi ja ta mutu, shin ya sayi wani injin ne?

Malam kar ka sayi komai tukuna. Injin nan na yuriya da NPK ne, busasshen taki mai ƙwaya-ƙwaya yake so, in ka zuba masa taki mai danshi dunƙulewa zai yi a bakin ramin kamar tuwo. Kuma ni ina zargin takin naka ma bai nuna ba. Ka tura hannu cikin tsibin, in ka ji ɗumi ko warin kashin kaji ya bugi hancinka to da saura, shi yake ƙona ciyawa kuma gara na son karan da bai ruɓe ba. Wanda ya nuna baƙi ne, yana marmashewa a hannu, ƙamshinsa kamar ƙasa bayan ruwan farko.

Sai ka shanya shi ya sha iska, ka tankaɗe da rariyar waya irin ta masu gini, don takin bola na garuruwanmu ba'a rasa leda da ƙusa da fasasshen kwalba a ciki, yara kuma wasu ba takalmi suke buga ƙwallo.

Wajen zubawa rabin santimita ya isa, ya zamana kana hango kan ciyawar ta saman takin. Cikakken filin ƙwallo wajen murabba'in mita 7,000 ne, kaga kubik mita 35 kenan zai ci, ba ƙaramin aiki bane. In ba inji mai bel na watsa irin wannan takin, baro da shebur da manjagara sun wadatar, ana watsawa ana sharewa ya shige gindin ciyawar. Gaban gola inda ƙasa ta daddage kamar siminti ka fara huda ta da ƙarfe.

Lokaci kuwa ka bari damina ta kankama, wajen watan Yuni, ciyawa na tofo. In ka zuba da hunturu kuma ba'a yi wa filin ban ruwa, iska ce zata kwashe maka shi zuwa gidan maƙwabta.