Na ji kullutu a nono, kuma ciwon da ya ɗauke mahaifiyata kenan

Wata 'yar uwa mai aikin gida a Jidda ta turo min saƙo, wai wata biyu kenan tana jin wani kullutu a nononta na hagu, kuma sankarar mama ce ajalin mahaifiyarta a Kano, haka ma ƙanwar mahaifiyar. 'Yan gida sun ce jifa ne ta tattaro ta dawo a yi na Hausa, ita kuma tsoro take kar ta faɗa wa madam a sallame ta.

To 'yar uwa Allah ya jiƙan su Mama. Ki ɗan kwantar da hankali, yawancin kullutun da mata ke ji a nono ba daji ba ne, amma da wannan tarihin na gidanku wata biyun nan ma kin daɗe wallahi.

Jikin mutum ƙananan ƙwayoyin halitta ne, kullum wasu na mutuwa wasu na rabuwa biyu su cike gurbi, kuma kowace tana ɗauke da rubutun da ake kira DNA mai harafi wajen biliyan 3, duk sanda za ta rabu sai ta kwafe shi kaf. Kin ga almajiri in yana kwafe allo wata rana sai ya tsallake wasali ko ya ƙara ɗigo, to haka abin yake, sai dai jiki yana da masu bin baya suna gyarawa. Matsalar ita ce in kuskuren ya faɗa kan wurin da ke ce wa ƙwayar ta rabu sai totur ya maƙale, in kuma ya faɗa kan mai tsayar da ita, irin su p53 da ake samunsa a lalace a kusan rabin cututtukan daji, to birki ya tsinke. Kuskure ɗaya baya isa, sai sun taru shekara da shekaru sannan ƙwayar ta yi ta hayayyafa ba ji ba gani har ta zama ƙari. Wani ƙarin yana zaune wuri ɗaya abinsa, wani kuma ya keta ya bi jini ko ya haura kaluluwar hammata, wannan shi ne dajin.

Maganar gado kuwa, kashi 5 zuwa 10 ne kawai cikin 100 ake gada, sauran a rayuwa ake tara su, tsufa, taba da shisha, ciwon hanta nau'in B, har gyaɗar da ta yi funfuna. Amma uwa da ƙanwarta ciwo iri ɗaya dole likita ya yi tunanin BRCA1 da BRCA2, wasu sassan DNA ne da ke cikin masu gyaran nan, in uwa ko uba na ɗauke da lalatacce kowane ɗa rabi da rabi ne ya gada ko ya tsira. Kuma gadonsa ba yana nufin lallai sai an kamu ba, haɗarin ne ke ƙaruwa sosai.

Ba ki faɗa min ko igamarki, wato takardar izinin zamanki a Saudiyya, na da rai ba. In tana da rai ki samu madam ki faɗa mata kai tsaye, ki tambaya ko kafil, wato wanda ya ɗauki nauyin zamanki, ya yi miki ta'amin, wato inshorar lafiya, in babu ki daure ki cire daga albashi ki je mustausaf, wato ƙaramin asibiti, a yi hoto, in sun ga abin zargi za su tsiri ɗan nama da allura su auna, shi kaɗai ne ke raba gardama. Ki faɗa musu shekarun Mama lokacin da ciwon ya kama ta, suna son wannan sosai. Addu'a kam ki dage, amma don Allah kar ki bari a yi miki ƙaho ko tsaga a wurin.

In ta kama sai an je gida kar ki yarda a buga miki huruj niha'i, wato bizar fita ba dawowa, cikin ruɗu, ki roƙi kafil ya yi miki huruj wa auda, wato bizar fita da dawowa, ta manhajar gwamnati ta Absher, ki karɓi duk sakamakon da Turanci ki ɗauke su a waya saboda likitocin asibitin Malam Aminu Kano kar su sa ki sake komai daga farko. Ƙannenki mata da ke gida ma ki kira su yau, su je a duba su.