Baƙin dutsen bayan tashar jirgi ba daga yankinmu ya fito ba

Wa'alaikumus salam, ɗana. Ka ce kuna haƙar ƙasar bulo a bayan tsohuwar tashar jirgin garinku sai kuka tono baƙaƙen duwatsu masu cin wuta, kana tambaya ko an taɓa haƙar kwal a Jigawa, har wasu na cewa ku haɗa kuɗi ku zurfafa ramin. Don Allah kada ku zuba ko sisi. Kwal ne kam, amma jirgi ne ya kawo shi. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, mai zuba wa inji kwal ne a layin Kano zuwa Nguru, ni ma a reluwe na tsufa, kuma irin wannan juji na gan shi a tashoshi da dama.

Layin nan an kai shi Nguru a 1930, ta Ringim, Gagarawa, Malam Madori da Birniwa, musamman saboda gyaɗa da fatu. Injin wancan zamani ruwa yake sha, kwal yake ci. Inda duk ya tsaya, nan ake kwashe masa toka, ana zubar da ɓarɓashin da bai ƙone ba. Shekara da shekaru rairayi ya rufe.

Asalin kwal ɗin kuwa Inugu. A 1909 aka gano kwal a tsaunukan Udi, a 1916 dogo ya haɗa wurin da Fatakwal, shekara guda bayan haka aka buɗe mahaƙar kwarin Iva. Ba rijiya suke nutsawa ba, cikin tsauni suke ratsawa a kwance, mutum ya sunkuya da diga da fitila, wasu na tura ƙananan taragu zuwa bakin rami. Sai da aka gama gadar Makurɗi a 1932 jirgi ya riƙa wucewa Arewa ba tare da fito a kogin Binuwai ba.

Abin da nake so matasanmu su riƙe shi ne ranar 18 ga Nuwamba, 1949. Leburorin Iva sun rage saurin aiki don neman haƙƙinsu na albashi. Turawan mulki suka ji tsoron nakiyar fasa dutse da ke ajiye a mahaƙar, suka tura 'yan sanda su kwashe ta. A nan aka buɗe wuta kan mutanen da ba su da bindiga, 21 suka mutu, 51 suka jikkata. Zanga-zanga ta tashi a Aba, Onitsha, Kalaba da Fatakwal, kuma lamarin ya ƙara wa neman 'yancin kai ƙarfi. Mahaifina ba ya ba da labarin nan sai idonsa ya kawo ruwa, don ya san da gumin mutanen nan gyaɗar Haɗeja ta isa bakin teku. Ina jin takaici idan ana alfahari da dalar gyaɗa ba a ambace su ba.

Daga nan aka kafa hukumar kwal ta ƙasa a 1950, haƙa ta kai ƙololuwa a ƙarshen shekarun 1950, sannan reluwe ta soma komawa injin dizal. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya tsayar da aiki, ruwa ya cika ramukan, harkar ba ta sake miƙewa kamar da ba.

Mai neman kwal na gaske a Arewa ya nufi Maiganga a jihar Gombe, ko Okaba wajen Ankpa a Kogi. Mu a nan, tsohuwar mahaƙar da ake ji da ita ita ce Riruwai ta ƙaramar hukumar Doguwa a Kano, ita kuma kuza ce.

In kana son tabbatarwa, ku ɗan tona gefe guda. Za ka ga kwal ɗin gauraye da toka da dunƙulallen ƙonannen dutse mai huji-huji, ƙarƙashinsa kuma rairayi ne zalla. Sannan ka ja kunnen matan gida kada su hura shi cikin ɗaki a rufe lokacin hunturu, hayaƙinsa na kisa. In za a yi amfani da shi, a kai wa maƙera su gwada a fili.