Baba ya dawo daga asibiti da ESBL: a ware shi ne, ko a ba kowa magani?

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya saka miki da alheri a kan jinyar da kike yi.

Kin ce an sallamo surukinki da robar fitsari, takardar gwajin fitsarinsa ta nuna E. coli mai ESBL, ga shi kuma akwai yara a gidan har da jaririya 'yar wata biyu. Kina tambaya ko a ware masa ɗaki da kwano, ko a saya wa kowa magani a sha don rigakafi. Duka biyun a'a, musamman na biyun. Amma akwai aiki a gabanku, kuma yawancinsa tsakanin banɗaki ne da kwanon abinci.

E. coli ƙwayar cuta ce da ke zaune a hanjin kowa, mai lafiya da marar lafiya. ESBL kuwa wani sinadari ne da wasu daga cikinsu ke fitarwa, yana lalata magungunan dangin fenisilin da sefalosforin kafin su yi aiki. Shi ya sa amoksisilin da Ampiclox da sefiksim, har allurar seftriyakson da ake ji da ita, ba sa kashe ta, kuma sau da yawa siprofuloksasin da Septrin ma ba sa cin ta. Ba wai ta fi sauran E. coli dafi ba ne. Muddin tana zaune a hanji, mutum ba ya jin komai. Matsalar tana tasowa ne in ta shiga inda ba wurinta ba, mafitsara ko ƙoda ko jini ko rauni, aka zo neman maganin da zai ci ta.

Ba ta bin iska, ba ta bin gaisuwa ko zama a tabarma ɗaya. Daga bayan gida take fitowa, ta hau hannu, ta shiga baki. Wani bincike da aka buga a 2017 a kan matafiya 2,001 daga ƙasar Holan ya nuna kusan kashi 34 cikin 100 na waɗanda suka tafi ƙasashen waje ba su da ita sun dawo da ita a hanjinsu, kimanin kashi 11 na waɗanda suka ɗauko suna ɗauke da ita har bayan shekara guda, kuma yiwuwar ta wuce ga wani a gidansu ta kai kashi 12. Waɗannan masu lafiya ne da ke kai kansu banɗaki. Inda ake canza wa mutum famfas ana zubar masa da fitsari, mai jinyar ita ce ta fi kowa kusa da ɗauka, wato ke.

To, ga inda ake samun ɓaraka a gidajenmu. Buta ɗaya ce ake shiga banɗaki da ita, hannun da ya yi tsarki ya riƙe ta, a fito a ajiye, wani ya ɗauka ya yi alwala ya kurkure baki. A ware butar banɗaki, a sa mata alama, kada ta fito tsakar gida. Tsarki da ruwa zalla bai isa wanke hannu ba. A ajiye sabulu a bakin ƙofar banɗakin, a cuɗa hannu daƙiƙa 20, tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce da babban yatsa, a ɗauraye da ruwan da ake zubowa. Mai jinya ta yanke farce ta cire zobe, don a ƙarƙashinsu ƙazanta ke maƙalewa. Sai kwanon wanke hannu da ake zagayawa da shi kafin cin abinci, kowa ya tsoma. Wannan shi ne ya fi damuna, domin na ƙarshe, wanda galibi ƙaramin yaro ne, da dattin kowa yake wanke hannunsa. A riƙa zuba wa kowa ruwa da buta mai tsabta, yana sauka a wani bokitin. In an yi haka, Baba ya ci abinci da jikokinsa a faranti ɗaya ba laifi. Randa ma a rufe ta, a samo moɗa mai dogon mariƙi, kada yara su riƙa zura hannu ciki.

Robar fitsarin ita ce ƙofar da cutar ke bi ta shiga jikinsa, don haka a nan za ki fi sa ido. Jakar da fitsarin ke taruwa a ciki ta kasance ƙasa da mararsa kullum, ko yana kwance ko yana zaune, don kada fitsari ya koma ciki, amma kada ta taɓa ƙasa. A zubar in ta kai kashi biyu cikin uku, a cikin mazubi nasa shi kaɗai, bakin jakar bai taɓa mazubin ba. Kada a raba mahaɗar bututu da jaka don a wanke ko a duba. Duk buɗewa ɗaya hanya ce ga sabuwar ƙwaya. A wanke inda bututun ya shiga jiki da ruwa da sabulu sau ɗaya a rana da kuma bayan ya yi bayan gida. Ki sa safar hannu, ki jefar da ita bayan aiki ɗaya, sannan ki wanke hannu duk da haka, domin wajen cire ta ne hannu ke ɓaci. Kuma duk zuwanku asibiti ku tambayi likita ko lokacin cire robar gaba ɗaya ya yi. Wanda roba ta kai wata guda a jikinsa kusan ba makawa sai an ga ƙwayoyin cuta a fitsarinsa, saboda haka wari ko duhun fitsari kaɗai ba dalilin shan magani ba ne.

Wajen goge banɗaki, ki duba jikin kwalbar bilicin, Jik ko Hypo ko wanda kike da shi. In an rubuta kashi 3.5, babban cokali biyu, wato mililita 30, a lita ɗaya ta ruwa ya isa goge murfin masai, mariƙin ƙofa, kan famfo, buta da fo na yara. Inda bayan gida ya zuba kuwa, awo ɗaya na bilic ga awo shida na ruwa. A fara wankewa da omo, don bilic ba ya aiki a kan ƙazanta, sannan a shafa a bar shi minti biyar. A haɗa sabo kullum, na jiya ƙarfinsa ya ragu. Kada a taɓa gauraya shi da Harpic ko wani abin wanke masai, hayaƙin da ke tashi yana shaƙe mutum. Zannuwan gadonsa da tawul da soso su zama nasa, a wanke su daban da ruwan zafi mai kai digiri 60, a shanya a rana su bushe ƙarau, a goge. Kayan jaririya kada su haɗu da su a baho ɗaya.

Batun saya wa kowa magani, don Allah ki bar shi. Babu wani maganin da aka tabbatar yana share ESBL daga hanji. Abin da kafso daga kyamis zai yi shi ne ya kashe ƙwayoyin hanji masu amfani waɗanda ke tare mata wuri, ya bar ta ita kaɗai, kamar a nome gona tas a bar ciyawar da ta fi taurin kai. Yaron da ya haɗiyi ƙwayar cutar kaɗan, wanda da jikinsa zai fitar da ita a hankali cikin makonni ko watanni, in an ba shi kafson sai ta samu fili ta zauna. Har ila yau waɗannan ƙwayoyin suna miƙa wa juna wannan gadon na bijire wa magani a cikin hanji. Don haka a wannan lokacin, mura ko gudawa ta kwana ɗaya ba ta Ampiclox ko Flagyl ba ce. Gudawar yara ruwan gishiri da sukari da zinc take so. Ragowar maganin Baba ma kada a ba kowa. Yankinmu na Afirka ta Yamma ne ya fi ko'ina a duniya yawan mace-mace daga ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani a ƙididdigar 2019, kusan mutum 27 cikin kowane 100,000, ba abin wasa ba ne.

Masu lafiya a gidan ba sa buƙatar gwaji, sai mai ciki, ita a duba mata fitsari a wurin awo ko ba ta jin komai. Jaririyar kuwa, ki ci gaba da ba ta nono zalla, ki wanke hannu kafin ki ɗauke ta in kin fito daga ɗakin Baba. In jikinta ya kai digiri 38, ko ta ƙi kama nono, ko ta yi laushi, asibiti kai tsaye ko da tsakar dare ne, ba a jira a ga abin da farasitamol zai yi. Shi kuma Baba, zazzaɓi da rawar ɗari, ciwon kwiɓi, ruɗewa ko sambatu, ko fitsari ya daina sauka a jaka, duk na gaggawa ne.

Ki ɗauki hoton takardar gwajin nan a waya, har da jerin magungunan da ke ƙasa, inda S ke nufin maganin yana cin ta, R kuma ba ya ci. Duk wanda ya kwanta rashin lafiya a gidan cikin watanni masu zuwa, a nuna wa likita a ce akwai mai ESBL a gida, a kuma roƙa a ɗauki fitsari ko jini don gwajin kalca, wanda ke nuna irin ƙwayar cutar da maganin da ke cin ta, kafin a fara allura. Wannan bayanin yana sauya zaɓin likita: in cutar a mafitsara kaɗai take yana iya ba da naitrofurantoyin ko fosfomaisin, in ta kai ƙoda ko jini kuwa sai irin su meropenem, maimakon a ɓata kwana uku ana yin seftriyakson jiki yana ƙara tsananta.