Tambayi Fasto: Na Shuka Iri da Kuɗin Makarantar Yara

Tambaya: Baba Fasto, gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Maigidana ya daɗe ba aiki. Wani mai wa'azi da nake bi a Facebook ya ce duk wanda ya shuka iri na naira 50,000 zai ga buɗi kafin wata ya mutu. Na kwashi kuɗin makarantar yara na tura masa. Yau wata uku shiru kake ji. Da na yi magana, yaransa suka ce bangaskiyata ce ta gaza, in ƙara shuka. Maigida bai sani ba. Laifina ne?
Wata uwa daga Zonkwa

Amsa: 'Yata, sannu da haƙuri. Bangaskiyarki ba ta gaza ba, cin amanarki aka yi. Kada ki ƙara tura ko sisin kwabo.

Wannan koyarwa ba daga wurin manzanni ta fito ba. Oral Roberts, wani mai wa'azi a Amurka, shi ya yaɗa ta sosai wajen shekarar 1970, daga baya ta shigo Najeriya ta talabijin da kaset, yanzu ga ta a wayar kowa. Ayar da suka fi riƙewa ita ce 2 Korantiyawa 9:6, wai mai shuka kaɗan zai girbe kaɗan. Ki buɗe Littafi Mai Tsarki ki karanta sura ta 8 da ta 9 gaba ɗaya. Bulus yana tara gudummawa ne domin matalautan ikilisiyar Urushalima, ba domin aljihunsa ba. Har ma ya sa ikilisiyoyi suka zaɓi wanda zai raka kuɗin, don kada wani ya zarge shi. A 8:12 da 13 ya ce a bayar gwargwadon abin da ake da shi, ba a ƙuntata wa kai don wasu su huta ba. Wannan mutumin naki, wa ke duba asusunsa?

Ni labarin Na'aman nake so ki zauna da shi, 2 Sarakuna sura 5. Babban sarkin yaƙin Suriya ne, kuturu, ya iso ƙofar Elisha da azurfa da zinariya da riguna goma. Ya yi wanka sau bakwai a Urdun ya warke, ya dawo yana roƙon annabi ya karɓi kyauta. Elisha ya rantse ba zai taɓa ba. Baransa Gehazi ne ya bi bayan karusa da gudu, ya shirga ƙarya, ya karɓo azurfa da riguna biyu ya ɓoye a gida. Kuturtar Na'aman ta koma kansa. Haka Siman mai sihiri a Samariya, da ya miƙa kuɗi don ya sayi ikon Ruhu, Bitrus ya ce masa kuɗinsa su hallaka tare da shi (Ayyukan Manzanni 8:20). Abin da ke ba ni haushi da masu wannan sana'a shi ne sun shirya abin yadda ba za su taɓa faɗuwa ba: in buɗi ya zo, addu'arsu ce, in bai zo ba, ke ce mai laifi.

Ban hana ki bayarwa ba. Zakka da baiko suna da wurinsu, a ikilisiyar da ta san sunanki, inda ma'aji ke karanta rahoton kuɗi a gaban jama'a. Amma kuɗin makarantar yara haƙƙinsu ne, kuma 1 Timoti 5:8 ta yi magana mai zafi a kan wanda bai kula da iyalinsa ba.

Saura maganar maigida, wadda na san ita ce ta fi hana ki barci. Ki faɗa masa da bakinki kafin makaranta ta koro yaran ya ji a waje. In kina tsoron fushinsa, ki roƙi shugabar Zumuntar Mata ko ɗaya daga cikin dattawa ya zauna da ku. Ki je wurin shugaban makarantar ki nemi a bar ki ki riƙa biya kaɗan kaɗan. Ki kuma ajiye shaidar tura kuɗin da saƙonnin da suka aiko miki, ki nuna wa fastonki, domin da wuya a ce ke kaɗai ce a Zumuntarku kike bin shafin wannan mai wa'azin.