Filin Tambaya da Amsa: Tsuntsayen Fadamar Rima da Matsalar Kacala

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina sha'awar fara kallon tsuntsaye a nan Sakkwato, amma ban san inda zan dosa ba, ban kuma san lokacin da ya fi dacewa ba.
— Mai karatu daga Mabera

Amsa: Barka kadai, Malam. Ba sai ka yi nisa ba. Fadamar Kwalkwalawa, kan hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ta isa mai farawa. In ka samu hali sai ka leƙa tafkin Kware, da fadamar Wurno, da madatsar ruwa ta Goronyo. Ka fita bayan sallar Asuba, ka kasance a bakin ruwa daga ƙarfe 6:30 zuwa 9:30. Da rana ta take sai tsuntsu ya shige inuwa. Ka ba rana baya, in ba haka ba duk abin da ka hango baƙi zai zame maka. Madubin hangen nesa mai lamba 8x42 ya wadatar, wanda ya fi shi ƙarfi rawa yake yi a hannu. Ka bar farar riga a gida.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne ruwa ke cika da baƙi, wato agwagi da masu dogayen ƙafafu da ke gudo wa sanyin Turai. Shi ya sa ake ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya a watan Janairu. 'Yan gida kuwa, balbela da zalɓe da kirinjijiya da dinya, kusan kullum suna nan. Shamuwa sai gab da damina. Ka riƙe ɗan littafi kana rubuta rana, wuri, da adadin da ka gani.

Tambaya: Ranka ya daɗe, kacala, doguwar ciyawar ruwan nan, ta cinye bakin tafkinmu, tsuntsayen da muka saba gani sun ragu, tsuntsun jan-baki kuma ya addabi masu shinkafa. Mun banka mata wuta sau biyu, ta dawo fiye da da. Ina mafita?
— Manomin fadama daga Wurno

Amsa: Allah ya ba da haƙuri, Alhaji. Wuta ganye kawai take ci. Ran kacala yana cikin saiwar da ke rarrafe ƙarƙashin laka, tokar ma taki ce gare ta. Ga shi wutar tana haɗawa da sheƙa da ƙwai.

Abin da ke kashe ta shi ne hana saiwar iska. Ta cikin karanta take shaƙa, don haka a yanke ta da lauje ƙasa da saman ruwa, kamar tafin hannu biyu, wajen santimita 15 zuwa 20, yadda kututturen zai nutse. Da ta sake tsirowa, bayan 'yan makonni, a maimaita. Sau biyu zuwa uku a shekara ɗaya. Inda aiki ke lalacewa shi ne ruwa ya janye bayan yankan, kututture ya fito fili, ya sha iska. A kwashe abin da aka yanka zuwa tudu, kada ya ruɓe a ruwa ya shaƙe kifi. A yi yankan kafin kanta ya nuna, domin kai ɗaya yana ɗauke da iri dubbai da iska ke watsawa.

Sai dai asalin ciwon yana ga ruwan kansa. Fadama ta gaji ambaliya da damina, bushewa da rani. Madatsun ruwa irin Goronyo da Bakolori sun sauya wannan, magudanan da suka toshe kuma suna riƙe ruwa mara zurfi shekara zagaye, abin da kacala ke so ke nan. Tsuntsayen da kuka daina gani laka suke nema, wadda ruwa ke bari yana ja da baya a hankali, nan tsutsa da ƙananan dodon koɗi suke. Yashe magudana ya zama wajibi, ko da aikin gayya ne.

Ba kuma a share ta ƙaf. A bar tsibirai nesa da gonaki, saboda kazar ruwa da wasu ƙananan zalɓe a ciki suke fakewa. Game da jan-baki, rage duhuwar kusa da shinkafa ya fi feshin guba a makwancinsa, domin gubar ba ta tantancewa: shirwa da mujiya da suka ci gawar su ma suna bi.

Tambaya: Malam, ina gauraka da ungulu suka shiga?
— Ɗaliba daga Kware

Amsa: 'Yata, gauraka a ƙasa take sheƙa cikin ciyawar fadama da damina, noma da kiwo sun matse wurin, masu kamawa don ado a gidaje kuma suka ƙarasa. Ungulu kuwa guba da cinikin sassan jikinta ne suka cinye ta, har a 2015 aka sa ta cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. In kin ga ɗayansu, ki rubuta rana da wuri, amma kada ki bayyana inda sheƙar take a Facebook.