Ku Tambayi Tanti: Katin gayyatar gashin nama a gida, a yi da hannu ko a bar shi?

TAMBAYA: Salamu alaikum Tanti, ya gida ya damina. Ni ina zaune Bukoki nan Yamai, ɗiyata ta samu BEPC, takardar gama kwaleji, bana alhamdulillahi, ga kuma 'ya'yan yayana sun zo mana vakansi daga Tahoua, shine maigida ya ce zai sayo ɗan rago a Turaku mu gasa a tsakar gida mu kira 'yan uwa da ƙawayenta, kamar mutum 30 haka. To yarinyar ta nace sai an yi katin gayyata kuma wai da hannu za su yi ita da 'yan uwanta, ni ko na ce a tura saƙo ta WhatsApp a huta. Dan Allah Tanti ba ɓata lokaci ba ne? In kuma za a yi, da me za mu fara, me ake rubutawa ciki?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, barka da arziki, Allah ya sa wa karatun albarka ya kai ta ga bak, jarrabawar shiga jami'a, lafiya. Ni dai gaskiya ina bayan yarinyar nan. Saƙon waya mutum zai gani ya ce to, wasu saƙonni ɗari su binne shi, amma katin da yaro ya kawo har gida ya durƙusa ya gaishe ki ya miƙa, kunya ma ba za ta bar ki ki ƙi zuwa ba. Kuma ga yara cike da gida ba lekol sai Oktoba, ki bar su su samu abin yi.

Takarda tukuna. Kar ki ɗauki ta fotokopi, giram 80 ce, da ta sha raɓar Agusta sai ta yi laƙwas. Ki je wajen masu saida kayan lekol gefen Babbar Kasuwa ki ce a ba ki bristol, takarda mai kauri, giram 180 ko sama. Girman A4 in kin yanka gida 4 kowane zai ba ki santimita 10.5 da 14.8, daidai tafin hannu, kinga falle 8 kati 32 ke nan, ba ma za ki kai haka ba tunda gida gida ake lissafi ba kai kai ba.

Ado kuma ba sai kin kashe ko dala ba. Ki aika yaro wajen telan unguwa ya roƙo ƙyallayen atamfa da ake sharewa, a yanka siriri a liƙa a gefe guda. Wanda na fi so shine na albasa, ki samu 'yar ƙaramar ta Galmi ki raba biyu a kwance, ki goge ruwanta da tsumma, a shafa mata fenti kaɗan ko kwaɓaɓɓen lalle mai ruwa ruwa a danna kan katin, zobe cikin zobe zai fito tsaf, kuma ko ɗan shekara 5 zai iya. A fara gwadawa kan tsohuwar takarda saboda dannawar farko kullum tana yin kauri. Mai hannun zane a cikinsu ya zana dagi ko kurosin Agadez a kusurwa. In kina so mutum na gani ya san gashi ne, a tsaga katin wuri biyu da reza a zura tsinken tsire, amma a karye tsinin tunda yara ne za su yawo da shi, rezar kuma babba ya riƙe.

Wajen liƙi in babu kol ki jiƙa ƙaro a ruwan ɗumi ya kwana, yana kamawa sosai, sai dai kaɗan ake shafawa, in ya yi yawa katin zai kumbura ya lanƙwashe. Da an gama a jera su a danne da littafi mai nauyi su kwana. Rubutu da bik za a yi. Tawadar allo tana da kyau wallahi amma don a wanke aka yi ta, ɗigon ruwa ɗaya a hanya ya tafi da adireshin.

Yanzu abin da ya fi adon muhimmanci, rubutun ciki. Sunan wanda ake gayyata, dalilin taron, rana da kwanan wata duka biyu, sannan lokaci ki ɗaure shi da salla, ki ce bayan la'asar, an fi kiyaye shi da ƙarfe kaza. Kwatance ki yi shi da abin da kowa ya sani, masallaci ko famfo ko shagon bakin layi da launin ƙofarku, lambar titi ba kowa ya damu da ita ba a Yamai. Ki faɗa a fili wa kike kira, in kin rubuta ke da iyalinki to ki sani har baƙin gidan za su biyo, ɗan rago kuwa ba zai ƙaru ba, in ƙawayen yarinya ne sunan kowace ita kaɗai. Sai layi ɗaya na ƙarshe da mutane ke mantawa, in hadari ya taso me za a yi, ko akwai rumfa ko an ɗaga zuwa gobe. Damina ce, yanzu gari garau anjima ki ga gabas ta yi ja da ƙura. Kuma ina roƙonki da Allah ko ruwan ya sauko kar a shigar da murhun gawayi cikin ɗaki a rufe, iskar da yake fitarwa ba ta da wari ba ta da launi kuma tana kisa, a ƙarƙashin rumfa buɗaɗɗiya kawai. A yi ƙoƙarin watsewa kusan magariba saboda sauro, lokacin zazzaɓi ne.

A raba katin saura mako ɗaya. Amma surukai da manyan dangi da maƙwabtan katanga, ke da kanki za ki taka ki faɗa musu da baki, katin ya biyo baya a hannun jika.

TAMBAYA: Tanti mu gidanmu a haɗe yake, dangin miji Zabarmawa, kakarmu kuma boko ba ta karantawa sai ajami. Da wane harshe za mu rubuta katin walima?

AMSA: Ɗiyata ai daɗin na hannu ke nan, ba dole su zama iri ɗaya ba. Na abokan aiki da Faransanci, na dangin miji ki samu ƙanwarsa ta rubuta da Zabarmanci, na kaka kuma ki kai wa malamin makarantar allon unguwarku ya sa miki shi da ajami manya manya, ki riƙe masa ɗan goro.