Diyya, Hutu da Jinya: Amsar Tambayoyin Masu Karatu

Tambaya: Allah gafarta Malam, ni ma'aikacin wani kamfani ne a nan Katsina. Inji ya kama mini hannun dama a bakin aiki, aka yi mini tiyata, yanzu ina zuwa gashin ƙashi, ana kuma biyana kuɗi duk wata. Ina so in kai iyalina Daura kallon hawan Sallar Gani, sai wani abokin aikina ya ce, "Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski," wai tunda ina cin kuɗin ciwo sai in zauna a ɗaki. Shin kuɗin nan lada ne ko diyya? Kuma zaman da nake yi a gida hutu ne? Daga wani mai karatu a Ƙofar Ƙaura.

Amsa: Sannu da jiki, ɗan'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Kuɗin da ake ba ka diyya ne. Lada a Hausa sakamakon abin da mutum ya aikata ne, kamar ladan ɗan dako, ladan wanzami, ko ladan da muke fata wurin Allah in mun yi alheri. Diyya kuwa ana biyanta ne a kan abin da mutum ya rasa. Kalmar ta shigo mana daga Larabci ta hanyar shari'a. Ta zo a Suratun Nisa'i, aya ta 92, kan wanda ya kashe mumini bisa kuskure, kuma littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu sun ƙayyade ta da raƙuma 100, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000. Gaɓoɓi ma suna da tasu, ido da hannu da haƙori. Daga baya Hausawa suka faɗaɗa ta, har ake cewa an biya diyyar gonakin da titi ya ratsa.

Ina jaddada wannan ne domin da yawa daga cikin ma'aikatanmu suna karɓar kuɗin nan kai a sunkuye, kamar sadaka aka miƙo musu. Haƙƙinsu ne. Dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010, wadda ta maye gurbin ta 1987, ta ɗora wa masu ɗaukar ma'aikata zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da suke biya a wani asusu da hukumar inshorar ma'aikata ta Najeriya, wato NSITF, ke kula da shi. Daga nan ake biyan wanda ya ji rauni a bakin aiki, ko a hanyarsa tsakanin gida da wurin aiki. Dokar ta nemi ma'aikaci ya sanar da wurin aikinsa cikin kwana 14 da faruwar abin, su kuma su kai wa hukumar rahoto cikin kwana 7.

Sai batun hutu. Hutu daga huta yake, kuma abokin tafiyarsa gajiya ce, shi ya sa idan baƙo ya sauka muke ce masa a huta gajiya. Mai lafiya ne yake hutu. Wanda ciwo ya kwantar jinya yake yi, ko jiyya kamar yadda wasu ke faɗa. Dokar ƙwadago ma ta raba su, ta ba wanda ya cika wata 12 yana aiki aƙalla kwana 6 na hutun shekara, ta kuma ware har kwana 12 a shekara na rashin lafiya in likita ya tabbatar. Ni dai furucin nan na ofis, "hutun rashin lafiya", bai taɓa kwanta mini ba, don shi ne yake sa mutane ganin mai jinya kamar ɗan hutu. Mutumin da ba ya iya ɓalle maɓallin rigarsa, wanda yake cin tuwo da cokali a hannun hagu, yana lissafin kuɗin makarantar yara da dare, in ma an kira zamansa hutu, to irin wanda Hausawa ke ce wa hutun jaki da kaya a ka ne: an tsaya da tafiya, amma ba a sauke nauyin ba.

Karin maganar abokinka daidai take, wurin da ya ajiye ta ne bai dace ba. Wanzami ne ya karɓi kuɗin kuturu, to ko yana ƙyama ko ba ya yi, sai ya cika aikin. Ma'anarta, wanda ya karɓi abu bisa sharaɗi dole ya cika sharaɗin. (Kuturta dai yau tana da magani, kuma ya kamata mu riƙa tausasa harshe idan muna jawo irin waɗannan maganganu a gaban masu fama da ita.) To mene ne askin da ke kanka? Ba wanda ya biya ka don ka kulle kanka a ɗaki. Askinka shi ne ka riƙe jinyar da gaskiya, ka je ganin likita ranar da aka sa maka, kada ka tsallake gashin ƙashi, kada ka yi abin da zai fama ciwon. Biyan da ake maka ya rataya ne a kan rahoton likita, duk abin da ya saɓa wa rahoton nan zai iya jawo maka tambayoyi.

Saboda haka ba a fafe gora ranar tafiya. Tun yanzu ka gaya wa likitanka za ka Daura, ya duba ko ranakun sun ci karo da na asibiti, ya rubuta maka amincewarsa a takarda, ka kuma sanar da ofishin da ke riƙe da fayil ɗinka. Daura ba nisa, amma ka bar wani ya ja motar. Ka san yadda ƙofar fada take ranar hawa: ƙura, sukuwar dawakai, jama'a na ture juna. Nemi gefe ka tsaya, hannun nan a rataye. Idan ƙaramin ɗanka ya yi kukan ba ya hango dawakai, kawunsa ya ɗora shi a wuya. Ka ɗaga shi da kanka, wani ya ɗauki hoto ya sa a Facebook, sai ka wayi gari kana bayanin yadda hannun da ba ya aiki ya ɗauki yaro, ga kuma ɗinkin da ka jawo wa lahani.

Tambaya: Malam, maigidana direba ne, ya samu ciwon baya a hatsarin motar aiki, ana biyansa diyya. Ya raka baƙinmu ganin rijiyar Kusugu, sai maƙwabta suka soma cewa ai lafiyarsa ƙalau. Na ce musu jiki magayi, amma surukata ta ce ba haka ake amfani da ita ba. Daga wata mai karatu a Daura.

Amsa: Malama, Inna ta fi kusa da gaskiya. Magayi daga gaya yake, kamar manomi daga noma, wato jiki shi ne mai faɗa. Akasari gargaɗi ake yi da ita ga wanda aka ja wa kunne ya ƙi ji, ana nufin zai ji a jikinsa. Abin da kike son faɗa shi ne, "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo." Kuma kina da hujja. Ciwon baya ba ya fitowa a fuska. Mutum zai iya takawa a hankali zuwa Kusugu ya dawo, amma ya kasa zaman awa huɗu a kan sitiyari, kuma sau da yawa likitoci da kansu suke cewa mai ciwon baya ya riƙa ɗan tattaki. Raina yana ɓaci idan na ji ana yanke wa irin waɗannan bayin Allah hukunci daga bakin ƙofa. Shi dai maigidan ya tsaya inda likita ya iyakance masa, kada maganar mutane ta hana shi fita, kada kuma ta tunzura shi ya koma tuƙi kafin lokaci, don a nan ne jiki magayi za ta hau kansa.

Tambaya: Wane ne mai jinya, marar lafiyar ko mai kula da shi?

Amsa: Duka biyun, domin jinya ta ɗauki kwanciyar ciwo ta kuma ɗauki ɗawainiyar mai ciwon. Za ka ji an ce yana jinya a asibiti, a kuma ce tana jinyar mahaifiyarta. A hira ba a ruɗewa, amma idan takarda za ka rubuta wa ofis, ka kira marar lafiyar majinyaci, ɗayan kuma mai kula da shi.